Ba Yaya Rakiya ce ta hana ƙauyen arziki ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina haɗa shayi Samira ta kira ni, ta ce mahaifiyarta, Yaya Rakiya, ta cika a gidan ɗanta da ke unguwar Aziziya, nan Madina. A ƙasan kicin na zauna, har shayin ya ƙone ban sani ba.

Ban yi niyyar rubuta komai yau ba. Amma ko wanka ba a yi mata ba, wani ya rubuta a guruf ɗin dangi wai "Allah ya yafe mata, ita ta hana ƙauyen nan arziki da taurin kanta."

To ni ina wurin, da idona na gani.

Ba ciki ɗaya muka fito ba. Maƙwabta muke a unguwar Awali, katangar gonar dabino ce tsakanin gidajenmu. Ita ta koya mini kitso. Da na yi haihuwar fari, a bayan motar kifi ta zo Madina daga ƙauyen mijinta, ba ta koma ba sai da na yi arba'in.

A ƙarshen shekarun saba'in ta auri Salim, masunci, ta bi shi wani ɗan ƙauye a bakin teku kudu da Yanbu. Matan unguwa suka yi ta cewa wa ke barin Madina ya je ya zauna cikin ƙarnin kifi. Ta ɗaure kayanta ta tafi.

Ba lantarki a lokacin, ruwan sha ma sai tanka ta kawo. Abin da suke da shi teku ne, da itatuwan shura, waɗanda ke tsiro cikin ruwan gishiri, ƙananan kifi na girma a saiwoyinsu.

Da aka zuba kwalta, mutanen Madina suka gano wurin. Kowace Alhamis sai motoci. Har da mu, don maigidana Abu Fahad yana da babbar mota jims, yana ɗaukar iyalai haya. Baƙi su zo da namansu da shinkafarsu, su bi da mota ta kan yashin da kunkurun teku ke binne ƙwai, su sari shura su gasa nama, su tafi. Abin da ƙauye ke samu gwangwani ne da leda a cikin raga. Kifi ya fara ja baya.

Yaya Rakiya ba ta taɓa cewa kar a zo ba. Tana son baƙi. Matan ƙauyen ta tara, suka tsara: mota ta tsaya a bakin masallaci. Abinci a gidajen ƙauye za a ci, kowane mako gida ɗaya ke dafa sayadiyya, shinkafa da kifi, har ya zagayo kan kowa. Mai son shiga teku ya shiga kwale-kwalen masunci. Lokacin ƙwan kunkuru ba mai taka wancan gefen. Kowa ya koma da shararsa.

Abu Fahad ya ce mata, "Yaya, fasinjojina za su gudu."

Ta ce, "Wanda ya gudu ba baƙona ba ne. Ka kawo mini masu kunya."

Wasu sun gudu ɗin. Waɗanda suka tsaya, har yau jikokinsu na zuwa.

Sai wani ɗan kasuwa ya zo da nufin sare shurar, ya cike wurin da duwatsu, ya gina istiraha, gidan hutu mai katanga. Ya yi wa mazan ƙauyen alkawarin aikin gadi, wasu suka yarda.

Wata Alhamis da hantsi tifar duwatsu ta iso, maza duk suna teku. Ina zaune a gidanta da tsohon ciki. Ta ce, "Kulu, ɗauko tabarmar can."

Hanya ɗaya ce ke kai wa ga itatuwan. A tsakiyarta ta shimfiɗa tabarma, ta ajiye kwanon kifi, ta fara kankare shi. Mata suka riƙa fitowa da nasu kwanonin suna zama. Direba ya yi ta hon har ya gaji.

Ɗan kasuwar ya sauko daga motarsa, ya ce da Larabci, "Ke, ina mijinki?"

"Yana teku, yana nemo abin da kuke zuwa ci. In magana ce, ga ni."

Ya ce ina ruwanta da ƙasar nan, ita da kakanta ya zo da ƙafa daga ƙasar baƙaƙe.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ƙwarai, da ƙafa ya zo. Kuma bai taka abincin kowa a hanya ba."

Muna nan cikin rana har azahar. Da liman ya idar da salla, ya zo da sandarsa ya zauna a gefen tabarmar. Masunta suka dawo suka tsaya a bayanmu. Tifar ta juya da duwatsunta.

Dattawa suka kai maganar gaban hukuma, aka daɗe ana ja. Ba ta ci duka ba. An ba mutumin gefen arewa, ya gina abinsa, kuma har yau ɗan ƙauyen ba ya taka wannan gaɓar sai mai gadi ya yarda. Wasu dangin mijinta sun yi shekaru ba sa amsa gaisuwarta. Na ga ta yi kuka a kan wannan, amma ban taɓa jin ta ce da na sani ba.

Shurar tana nan. Kifi ya dawo. Da tukunyar sayadiyyar nan aka yi wa 'yan matan ƙauyen karatu, Samira ma nas ce yanzu. Samarin kuwa kowa da kwale-kwalensa, ba a ƙofar wani suke tsaye ba.

Kai da ka yi rubutun, wane arzikin ne ta hana?

Makon jiya na je duba ta. Ta rame sosai, ga robar iska a hanci. Ta kama hannuna ta ce, "Kulu, gidan wa ke da girki wannan makon?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "Tambayo mini. Kar a tsallake Maryam, mijinta ya rasu, da wannan take ci da yaranta."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Ɗazu Samira ta ce matan ƙauyen suna hanya, sun cika mota biyu. Sun kuma ce ba za a mayar da baƙin makon nan ba. Maryam ce za ta dafa.

Za a yi mata salla a Harami bayan la'asar, a kai ta Baƙi'a.

Ya Allah ka gafarta wa Rakiya, ka yalwata kabarinta, ka karɓi baƙuncinta fiye da yadda ta karɓi na bayinka. Duk wanda ya taɓa cin loma a ƙauyen nan, da wanda bai taɓa ba, don Allah ku sa ta a addu'a yau.