Baba Kunne da Wutsiyar Waƙa

Kullum da safe Baba Kunne kan shiga ɗakin nan nasa mai bangon soso, ya kashe fanka, ya kori masu surutu, ya zauna tsakanin lasifika biyu. Aikinsa tace sauti. Mawaƙa su kawo naɗi mai nauyi, shi kuma ya rage masa nauyi har ya shiga faifan sidi ba tare da ya ji ciwo ba. Daga hannunsa sai kamfanin buga faifai, kuma abin da aka buga ya bugu, babu gyara.

Bana tsoro ya shige shi. Kunnuwansa sun fara tsuwa, likita bai ɓoye masa komai ba. Matarsa ta ce sai ta kira shi ta sake kira kafin ya waiwayo, idan ya waiwayo kuma ido ya raina fata.

Ana cikin haka wata baiwar Allah ta kawo waƙar ƙarshe da mahaifinta ya naɗa kafin ya rasu. Al'adar masu wannan sana'a ce su datse shirun da ke wutsiyar waƙa. Baba ya saurara, bai ji komai ba. Har ya kai hannu zai datse, sai ya hango wani ɗan tsiro a jikin layin sautin da ke allon kwamfuta. Ƙurar naɗi ce, ko muryar mutum ce? Ya ƙara murya, tsuwar kunnensa ta danne komai. Wallahi gumi ya jiƙa masa riga, ga mutanen kamfani suna ta waya.

Wani sai ya rufa wa kansa asiri ya datse. Shi kuwa ya tashi daga kujerar da bai taɓa bari kowa ya hau ba, ya kira wadda ta kawo waƙar.

"Zauna nan, 'yata. Kunnena ya gaza. Me kike ji?"

Ta saurara, ta ce, "Babana ne. Ya ja numfashi, ya ce in kawo masa ruwa."

Ya gama aikin. Irin wannan siririyar murya ce ke kakkaryewa idan ana rage nauyi, don haka ya barbaɗa mata ɗan sautin shuu da gangan, yadda za ta sauka a faifai lafiya. Ita ta saurara ta ce ya yi. A makon nan ya ajiye aiki.

Kai ne ka zaɓi asirinka ya tonu da a yanke wa marainiya muryar ubanta, Baba. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Ku kuma da ke kan kujerun tace sauti yanzu, ranar da kunne ya gaza ku faɗa, kada ku datse.

Faifan ya fito, maganar na nan a wutsiyarsa. Har yau Baba Kunne bai taɓa jin ta ba.