Hoton Buhun Shinkafa

Ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata Hajiya Uwani, maƙwabciyarmu, ta faɗo gidanmu babu sallama. Takalmi ɗaya ne a ƙafarta. Ta ce, "Hadiza, an faɗi sakamakon zaɓe. Samari sun fito da gorori, suna bin shaguna."

Ina tsugune ina kwashe tuwon dawa. Maigidana, Malam Ɗanlami, yana shimfiɗa farin ƙyalle a kan tabarma. Tuwon nan sai an ɗauke shi hoto kafin a ci.

Malam mai hoto ne a Rano. Da aka fara Shari'a, malaminsa ya ce masa hoton abu mai rai akwai magana a kansa. Bai yi gardama ba. Ya bar hoton mutane, sai na fasfo da ya zama dole, ya koma kan abinci. Yakan je ƙauyen Saji wurin tsofaffi ya aro akushi da ludayin duma. Ni in dafa, shi ya jera. Dambu a akushi, kusa da shi taliya a roba. Daddawa, kusa da ita dunƙulen kanti. Cewa yake jikokinmu ba za su yarda mun ci waɗannan ba sai sun gani. Mutane suna yi masa dariya. Shi kuwa ya ce, "Tuwo ya fi ku haƙuri, ba ya ƙifta ido."

Mako biyu kafin zaɓen aka raba shinkafa a unguwarmu, ƙananan buhuna masu tambarin jam'iyya. Malam ya ajiye namu kusa da zangarniyar gero guda ɗaya, ya ɗauka, ya wanke shi babba, ya manna a gilashin shagonsa. Nufinsa a ga inda muka koma. Da rumbu ke ciyar da mu, yanzu mai neman ƙuri'a. Ba ya cikin kowace jam'iyya. Ko zaɓen bai je ba.

Da Hajiya ta gama magana, ya miƙe. Ya ce, "Hoton nan." Na riƙe hannun rigarsa. Ya ce cirewa kawai zai yi ya dawo, aikinsa na shekara bakwai yana cikin shagon. Ya fita ƙarfe goma sha ɗaya daidai.

Da rabi muka ji ihu daga wajen kasuwa. Sai ƙarar gilashi. Sai warin taya. Wata murya tana ta cewa, "Ku fito da su! A ƙona!" Na shigar da yara ɗaki, na tsaya a bakin ƙofa ina kallon zaure.

Ƙarfe sha biyu ƙanen Malam, Sabi'u, wanda ke jan motar haya zuwa Kano, ya tsallako ta katangar baya. Akwai jini a gaban rigarsa. Ya ce, "Yaya Hadiza, ɗauki yaran. Sun ce gidan za su zo."

Na ce, "Ina yayanka?"

"Ki tafi! Kada ki bi titi!"

Na goya Amina, na ja hannun Zainab. Shekararta shida. Muka fita ta baya, muka yanki daji. Bazara ce, gonaki fayau, babu ko karan da mutum zai ɓuya. Na ga mata a gabanmu da bayanmu, su ma suna gudu. Silifas ɗin Zainab ya tsinke, ƙasa tana ƙona mata ƙafa. Na yage gefen mayafina na ɗaure mata.

Lokacin azahar ya yi, ban ji kiran salla daga gari ba. Na waiwaya sau ɗaya. Hayaƙi uku ne, na san na tsakiya daga wajen shagon Malam yake.

Wajen ƙarfe uku wata Bafulatana ta ba mu ruwa a ƙwarya. Ba ta tambaye mu komai ba. Wani mai amalanke ya ɗauke mu. La'asar sakaliya muka shiga Fammar, gidan kawuna.

Washegari da hantsi Sabi'u ya zo. Bai zauna ba. Ya ce samarin sun tarar da Malam ya ɓare rabin hoton, yana riƙe da shi. Ɗaya ya nuna tambarin ya ce ga ɗan jam'iyyar nan. Malam yana ta cewa, "Ku dubi geron, ku dubi geron." Babu wanda ya duba. A cikinsu akwai waɗanda shi ya yi wa fasfo. Akwai waɗanda uwayensu suka dafa wannan shinkafar.

Ya ce an binne shi tun jiya kafin magariba. Ban gan shi ba.

Shagon ya ƙone ƙurmus, da aikin shekara bakwai, da akushi uku na tsofaffin Saji. Ba a kama kowa ba. Wanda ya ci zaɓen da wanda ya faɗi, yanzu jam'iyyarsu ɗaya. Na gan su a fasta suna riƙe da hannun juna.

Da za a yi masa wanka, an sami fim guda ɗaya a aljihunsa, wanda ya gama ɗauka. Sabi'u ya kawo mini a ƙulle cikin hankici. Ban san abin da ke ciki ba. Har yau ba a wanke shi ba.