Birai da Iyakar Kibiyata

Daminar da na gama sakandare, mahaifina ya ga zaman banza na neman lalata ni a Kafanchan. Gari bai gama farfaɗowa daga tashin hankalin da aka yi ba, mu samari kuma ba mu da aiki sai zama a bakin kasuwa muna maimaita jita-jita. Sai ya tura ni wani ƙauye wajen Kagoma, gun wani manomi da mahaifin nawa ya daɗe yana sayen doya da dawa a hannunsa. Kirista ne, dattijo gajere mai faɗin ƙirji. Baba nake ce masa, matarsa kuma Mama. 'Ya'yansu duk sun watse birane. Ranar da na isa, Mama ta kamo kaza ta miƙo mini da wuƙa, ta ce in yanka da hannuna don in ci hankalina kwance.

Kafin zuwana Baba ya faɗi a kan babur, kafaɗarsa ta dama ta goce. An gyara, amma hannun ba ya ɗaguwa sosai. Ga shi yana da gonar masara a gindin dutse, masara ta fara goyo, birai kuma sun gano.

"Ka iya baka?" ya tambaye ni.

"A'a, Baba. Sai dai danƙo."

"To, za ka iya."

Hausa ba harshensa na gida ba ce, komai namiji ne a bakinsa, har kibiya. Ya ɗauko bakansa, itacen ya yi baƙi don shan hannu, tsirkiyar ta fata ce murɗaɗɗiya. Ya zazzage kwari, ya ware kibau masu dafi ya rataye su can cikin rumbu, ya bar mini waɗanda ba komai a bakinsu. Ya kife tsohuwar ƙwarya a kan suri a bayan gida, ya ce in fara.

Daga kusa abin bai ba ni wuya ba. Ba a daɗe ba na farfasa ƙwaryar, Mama ta kawo wata, ita ma na gama da ita. Na rataya kwari na nufi gona ina jin kaina.

Birai suna zaune a kan wani falalen dutse a hayin rafi. Na ɗana kibiya na saki, ta faɗi cikin ciyawa tun kafin ta kai ruwa. Na ƙara ja da ƙarfi, wannan ta bi hagu, ta bayanta ta bi dama. Babban cikinsu ko motsi bai yi ba, yana ta susar ciki yana kallona. Da kwarin ya ƙare na shiga ciyawa neman kibauna, sai suka zagayo ta ɗaya gefen suka faɗa masara.

Da na ba Baba labari sai ya gyaɗa kai.

"Sun auna ka, ɗana. Sun san inda kibiyanka yake tsayawa."

Daga ranar muka koma suri da wata ƙwaryar, amma ya sa na ja da baya har gindin ɗorawa, inda ƙwaryar ta koma kamar tafin hannu. Nan na ga abin da ban gani ba a da. Duk kuskuren da nake yi daga kusa yana nan, tazara ce kawai ba ta isa ta nuna shi ba. Yanzu ɗan karkacewar da ba ta kai faɗin yatsa ba a hannuna, kafin kibiya ta isa ta zama kamu guda. Na ce iska ce. Na ce bakan ya tsufa. Baba yana zaune a kujerar tsugune, bai ko dubi ƙwaryar ba, ni yake kallo.

"Kai kana duba inda kibiya ya je," ya ce. "Ni ina duba inda ya fito."

Ya aika Mama ta kawo gawayi. Ya shafa mini a gaɓar babban yatsana na dama, ya ce in yi ta harbi har kwari ya ƙare. Da na gama ya miƙo mini ɗan madubin askinsa. Fuskata duk ɗigo: a haɓa, a kumatu, har kusa da kunne. Mama ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

"Kowane harbi hannunka yana tsayawa wani wuri dabam," in ji Baba. "Ran da na ga baƙi wuri ɗaya, ran nan ka fara."

Na zaɓi gefen bakina. Na sha wuya kafin hannun ya saba, don da zarar na gaji sai ya tsaya a hanya, in kuma na fusata sai ya zarce. Kullum da hantsi ina komawa gida da fuska kamar wanda ya kwana a maƙera.

Su kansu kibau ɗin ashe ba ɗaya suke ba. Ya koya mini in gangara kowane kyauro a kan dutsen niƙa, wanda ya yi tsalle ya tanƙware. Irin wannan mukan gasa shi a kan garwashi kaɗan, in miƙe shi da hannu, shi kuma ya kanne ido ɗaya ya duba. Ƙarfen bakinsu ma wani ya fi wani nauyi. Yakan ɗora biyu a tafukansa, ya gwada su, sannan ya ware mai nauyin. Ranar kasuwa muka kai wa maƙeri ya rage musu. Tsirkiya kuma fata ce, in ta sha raɓa sai ta saki, don haka bakan a saman murhu yake kwana inda hayaƙi ke samunsa. Kafin in fara sai in kaɗa ta da yatsa in saurara.

Akwai kuma maganar saki. Ni fizge hannu nake yi, kamar ina taimaka wa kibiyar.

"Kar ka tura shi. Ka buɗe yatsa kawai, ya san hanya. Wannan hannun kuma," ya taɓa hagun da ke riƙe da baka, "kar ya sauka sai ka ji ƙara a can."

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne saiti. Daga nesa, in ka miƙa kibiya kan abin da kake so, ƙasa za ta ci. Dole ka ɗaga ta sama, ka auna sarari inda babu komai, ka yarda za ta sauko da kanta. Idona ya ƙi yarda. Duk sanda na zo saki sai hannuna ya sauko wajen ƙwaryar ba da sanina ba. Ƙarshe Baba ya nuna mini wani busasshen reshe a bayan surin, ya ce shi zan riƙa dubawa, in manta da ƙwarya. Na daɗe ina mamakin wannan, cewa mutum zai kawar da ido daga abin da yake nema kafin ya same shi. Sannu a hankali kibauna suka fara taruwa. Ba a ƙwarya ba tukuna, amma wuri ɗaya suke faɗuwa, kuma Baba ya ce wannan ya fi masa samu ɗaya na sa'a.

Wata safiya bayan ruwa ya ɗauke na tarar da birai a falalensu. Na dubi kan ciyawa, iska ba ta kaɗa ta. Na sami wata tsaga a jikin dutsen, sama da kan babban, na ja har yatsana ya taɓa gefen bakina, na buɗe. Kibiyar ta daki dutse dab da ƙafarsa, ƙarar ta amsa har hayin. Kafin ya gama zabura na aika ta biyu, ta sauka kusan inda ta farko ta sauka. Suka watse suna ihu. Ban sami ko ɗaya ba, amma murnar ta biyun nan ta cika ni.

Washegari na gan su a wani dutse da ya fi wancan tsawo da nisa, suna zaune kamar ba abin da ya faru. Baba ya yi dariya har yana dafe kafaɗa. Amma sabon wurin ya yi musu nisa da gona, kafin su sauko na gan su. Har aka karya masara ban kashe biri ko ɗaya ba, kuma rumbu ya kusa cika.

Da lokacin tafiyata ya yi, Baba ya rako ni bakin titi riƙe da bakan da kwari, ya ce nawa ne. Direban ƙaramar bas ya leƙo ya girgiza kai.

"Baba, ba zan ɗauki saurayi da baka zuwa Kafanchan a wannan lokaci ba. Akwai shingen jami'an tsaro a hanya."

"Abin biri ne," in ji Baba.

"Ni na sani, Baba. Su ba su sani ba."

Baba ya dubi bakan kamar yau ya fara ganinsa. Ya saɓa shi a kafaɗarsa mai lafiya, ya ce in gai da mahaifina.

Sai cikin shekarun casa'in na sake komawa, lokacin ina koyarwa a Manchok. Na same shi a gonar gindin dutse, ta koma citta gaba ɗaya. Na tambaye shi ina masara.

"Na gaji da su," ya ce. "Biri ba ya cin citta."

Ya miƙo mini fartanya, muka yi ta tono har rana ta take, Mama ta kawo mana kunu.