Kwalaben da Ba Sa Shan Iska

A ɗakin gwaje-gwaje na jami'ar, kowa Baba Mai Kwalabe yake kiransa. Shekara tara aikinsa guda ne: kula da kwalabe goma sha biyu a wani kabad mai duhu, kowace an toshe bakinta da roba.

Ranar da Farfesa ya damƙa masa su ya ce, "Kafin tsiro ya koyi cin hasken rana, babu iskar nan da muke shaƙa. 'Yan ƙananan halittu ne kawai, suna lasar ƙarfe da tururin duwatsu. Irinsu ne a cikin kwalaben nan. So nake in auna yawan abin da irin wannan rayuwa ke iya haifarwa. Shekara goma za mu jira. Amma iska guba ce gare su, ka ji?"

Farfesa ya rasu a shekara ta bakwai. Baba bai fasa ba. Duk Litinin sai ya soka allura ta cikin robar ya ba su ɗan tururinsu, ya ɗaga kwalba ya duba ko ruwan ya ƙara gurɓata. Kai, wane irin jinkiri! Abinci kaɗan, haihuwa kaɗan.

Allah bai ba shi ɗa ba, shi ya sa matarsa ke tsokanarsa kullum: "Malam, yaya yaran? Sun fara rarrafe?"

"Ke dai bari, sun fi ki haƙuri."

Ana saura wata biyar a yi awon, zazzaɓi ya kwantar da shi kwana huɗu. Da ya dawo, sai ya hangi kwalaben jere a bakin taga, rana na dukansu, robobin a gefe cikin faranti.

Sabuwar mai shara ta tarye shi da fara'a. "Baba, sannu da jiki. Na ji kabad ɗin na warin ruɓaɓɓen ƙwai, sai na buɗe su su ɗan sha iska."

Baiwar Allah, alheri ta nufa. Ya ɗaga kwalba ɗaya, ruwan ya koma ja kamar tsatsa. Hawaye suka zubo masa, abin da bai yi ba ko a jana'izar Farfesa.

Da yamma matarsa ta karɓi jakarsa tana murmushi.

"Yaya yaran?"

Ya zauna a bakin gado, ya daɗe yana kwance igiyar takalmi.

"Sun sha iska," in ji shi.