Yatsan Inna a Bankin Funtua

Uwar maigidana, wadda duk gidan muke kira Inna, ban taɓa ganin ta zaune haka kawai ba. In dai ta zauna, to mazari na juyawa, ta shafa alli a yatsa ta ci gaba da kaɗi. Masaƙan ƙauyenmu har da na Dandume zarenta suke nema, don ba ya tsinkewa. Da kuɗin zare ta sayi tunkiya, tumaki suka zama shanu, har abin ya fi ƙarfin tukunyar da take binnewa a ƙarƙashin gado. Wata shekara gara ta shiga ta cinye mata takardun fam huɗu. Sai maigidana ya lallashe ta ya kai ta banki a Funtua aka buɗe mata ajiya. 'Yan shekaru ne bayan samun 'yancin kai, ana kashe fam da sule.

A lokacin a dutse muke niƙa. Wata safiya Inna ta iske ni durƙushe a gaban dutsen, da ciki wata shida, na dafe ƙugu ina hutawa. Ta tsaya ta dube ni, ta wuce. Bayan kwana biyar ta kira ɗanta ta ce ta ji wani ɗan kasuwa a Funtua zai sayar da injin niƙa, kuma ita za ta saya. Fam ɗari da talatin, kusan duk abin da ta tara ke nan. Sai dai akwai wani mutumin Kafur da ke so, shi da alkawarin biya bayan an gama cinikin auduga. Mai injin ya ce in ta kawo kuɗi hannu ranar kasuwa kafin la'asar, nata ne. In ta wuce haka, ya ba wancan.

Ranar ta faɗo kan ranar awon auduga, maigidana ba zai iya barin buhunansa ba. Ni na yi ajin yaƙi da jahilci, ina gane lambobin da ke cikin ɗan littafin banki, sai aka ce in raka ta. Muka hau motar kasuwa, ita riƙe da ƙwarya cike da auduga da mazarinta a ciki, an rufe da faifai.

Bankin cike yake da dillalan auduga. Sai wajen hantsi layi ya zo kanmu. Akawun yaro ne siriri, da gilashi a ido. Ya duba littafin, ya dubi Inna.

"Duka za ki ɗauka, Inna?"

"Duka, ɗana. Amma ka bar musu sule biyu ladan gadi."

Ya yi dariya, ya cika takarda, ya turo mata tawada ta dangwala. Ta goge hannu a zane ta miƙa babban yatsanta na dama. Da ya ɗaga, sai baƙin tabo kawai, sumul, babu zane ko ɗaya. Aka sake har sau uku. Ya ɗauko katin da ta dangwala ranar da aka buɗe ajiyar, ya jera su, ya yi ta kallo.

"Ki yi haƙuri, Inna, bai yi daidai ba. Kuɗi mai yawa haka ba zan iya sakewa ba. Sai ki dawo da wanda ya kawo ki, da shaida daga wurin hakimi."

Ni dai na san wannan aikin kwana uku ne. Na fara cewa, "Malam, wallahi ita ce," sai Inna ta taɓa ni.

"Bari, ɗiyar nan. Amanata yake tsarewa. In wata ta zo da ƙwarya ta ce ita ce ni, ai haka nake so ya yi mata."

Ba ta tafi ba kuma. Ta sami gefen bango ta zauna a ƙasa, ta miƙe ƙafa, ta buɗe faifai ta ciro mazari. Mai gadi ya zo zai yi magana, ta gaishe shi ta tambayi iyalinsa, ya amsa ya koma bakin ƙofa. Na ce mata mu je mu roƙi mai injin ya ƙara mana kwana. Ta ce wanda ya sa wa'adi a gaban mutane ba a sa shi ya karya. Aka kira azahar muna nan. Ni ina kallon inuwa a bakin ƙofa, ita tana kaɗi.

Na lura akawun yana ɗago kai yana dubanta tsakanin mutum da mutum. Can sai ya zagayo daga bayan teburinsa, da tawadar a hannu, ya tsuguna a gabanta.

"Inna, shekara nawa kina murza mazari da wannan yatsan?"

"Tun ba a haifi babanka ba."

"Kakata ma haka nata yake, kamar bayan ludayi. Alli da mazari sun cinye zanen. Ba ni ɗayan hannun."

Inna ta janye hannun hagunta ta ɓoye cikin mayafi.

"A'a, ɗana. Ni ban miƙa wa mutum hagu."

"To ranar farko da wane hannu kika dangwala?"

Ta dubi ƙasa. Sannan ta rage murya ta ce, "Wancan yaron da ke nan a lokacin, hagu ya kama. Ban ce komai ba, na ɗauka bai sami mai faɗa masa a gida ba."

"Kin sani tun ɗazu, ba ki faɗa ba?"

"In tona wa ɗan mutane asiri a wurin aikinsa?"

Akawun ya cire gilashi ya goge ido don dariya. Ya ce mata ba rashin tarbiyya ba ne, a wurinsu da hagu ake dangwalawa, shi ne ya yi sakaci da ya karɓi dama. Ya ce laifin miƙa hagun a rubuta a kansa. Da ƙyar ta fito da hannun, ta tallabe shi da na dama kamar mai ba da kyauta. Zanen ya fito ɗaya bayan ɗaya, daidai da na katin.

Aka kai mu wani ɗaki aka ƙirga mata, ni ina bi da ido. Ban taɓa ganin takardun fam sun yi tudu haka ba. Akawun ya ce a nemo ɗan doka ya raka mu. Inna ta ce ɗan doka shela ce. Ta ƙulle kuɗin a tsumma, ta tura ƙasan ƙwarya, ta mayar da auduga da mazari a kai, ta rufe faifai ta aza a ka. Kafin mu fita ta kwance bakin zane ta ba akawun goro biyu, da hannu biyu. Muka ratsa kasuwa, babu wanda ya kalli tsohuwa mai ƙwaryar auduga.

Mun isa wurin mai injin ladan yana alwalar la'asar. Mutumin Kafur na zaune a kan benci, har ya kira masu ɗauka. Inna ta gaishe shi, ta ba shi haƙuri, ta ce Allah ya ba shi wanda ya fi wannan, sannan ta sauke ƙwarya.

A gindin tsamiyar ƙofar gida aka kafa injin. Har na haihu ban sake durƙusawa a gaban dutse ba, haka sauran matan unguwa. Ita kuwa Inna ta ce tuwon inji ƙarfe-ƙarfe yake yi mata, don haka 'yar dawarta da kanta take niƙawa a dutse, ta hana kowa taɓa mata. In ta gama ta wanke hannu, ta shafa alli, ta ɗauki mazari.