Serapio da Ya Ƙi Daina Tsawo

Jirgin ruwa ɗaya ya kawo mu Peru daga Makau ta ƙasar Sin, ni da Chiu Asan, wanda masu gonar rake suka laƙaba wa Serapio. Shekararsa sha biyu a lokacin. Dillali ya shafa masa baƙin tukunya a leɓe kamar gashin baki, ya koya masa ya ce shekararsa ashirin. Baturen tasha ya rubuta: gajere, ɗan ashirin, aikin shekara takwas.

To, sai gajere ya shiga tsawo. Shinkafa ce kawai cimarmu, amma yaron nan kamar ana jan sa da igiya. Duk shekara wando ya haura ƙwauri, sai Mama Tomasa mai yi mana wanki ta ƙara ƙyalle tana mita: "Ɗan nan, ka tsaya haka, buhuna sun ƙare."

Da wa'adi ya cika, maigida Don Eulalio ya ƙi sakinsa. Wai shi gajere ya saya. Wannan zanƙalelen daga wata gona ya gudo, sai ya sake yin shekara takwas.

Aka je gaban alƙali. Mama Tomasa ta kutsa, ta cafki ƙafar wandon ta ɗaga, Serapio na tsalle da ƙafa ɗaya.

"Ranka ya daɗe, wannan buhun shinkafa ne, shekarar farko. Wannan labulen uwargida ne. Wannan kuwa rigar maigida ce, wadda ya ce ɓera ya ci."

"Ashe ke ce ɓeran," in ji Don Eulalio.

"Ka gane rigarka ke nan, maigida?"

Muna bakin taga mun toshe baki don dariya. Alƙali ya yi ta shafa gemu. In ya ce mutum ɗaya ne, to yaro aka sayo, abin da doka ta hana, ga shi maigida surukin alƙalin ne. In ya musa, ga wando. Can ya yanke cewa iskar kwarin nan tana sa Sinawa tsawo bayan ashirin, a sake shi.

Serapio ya fito yana dariya har da hawaye. Ya buɗe rumfar soyayyar shinkafa a birnin Lima, ya auri jikar Mama Tomasa, ya rasu da furfura.

Ni kam a kwarin na tsufa, ina shaƙar iskar safe da yamma, ban ƙara ko ɗan yatsa ba.