Ambulan a Durowar Kawu Na'ibi

Duk wanda ya san ofishin Na'ibi a unguwar Kurayyat ya san Mastura, 'yar ƙanwarsa, mai zama bayan kwamfuta kusa da taga. Na'ibi mu'aƙƙib ne, wato mai bi wa mutane takardu ofis-ofis, su sabunta iƙama, takardar izinin zaman baƙi, su canjin kafili, ubangidan da ke tsaya wa baƙo. Shekara talatin yana sana'ar da ƙafarsa da zaƙin bakinsa, sai zamani ya kwashe komai ya zuba a kwamfuta. Shi kuwa bawan Allah ko lambar sirrin wayarsa ba ya iya riƙewa. Mastura ce ta tsare masa mutunci. Da safe tana kwalejin al'umma tana difiloma ta shekara biyu, da la'asar tana cike wa mutanensa fom.

A unguwar Sa'alaba ta garin nan aka haife ta, amma iyayenta Hausawan Sudan ne, don haka da iƙama take zaune. Burinta ɗaya tak, ta tsallaka jami'a, tsangayar kasuwanci. Gurbin masu iƙama kuwa bai taka kara ya karya ba, sai wanda ya yi zarra. Yarinyar nan ta ci karatu kamar ba gobe, ta fito ta ɗaya. Jami'a ta aiko cewa an ɗauke ta, ta kawo takardunta na asali kafin ƙarshen wata, in ba haka ba a ba na bayanta.

Ta ɗauki abayarta za ta kai da kanta, mahaifiyarta Rabi'atu ta tare ƙofa.

"Ke! Kawunki na raye, mu'aƙƙib guda, ki kai takarda da hannunki? So kike a ce kin raina shi?"

Haka gidan yake tun rasuwar mahaifinta, takarda ba ta fita sai ta hannun Kawu. Mastura ta zuba komai a ambulan, ta liƙe, ta rubuta sunanta da koren biro, ta miƙa masa hannu bibbiyu.

"Halas, ya binti," in ji shi. "Ki ɗauka an gama, 'yata."

Bayan mako guda ta tambaya a ladabce, ya ɗaure fuska ya ce ai ya ce mata halas. Tambayar babba sau biyu rashin kunya ne, sai ba ta sake tambaya ba. Daga ofishin zuwa jami'ar tafiyar minti ashirin ce fa a mota, jama'a! Wata ya ƙare, saƙo ya shigo wayarta cewa ba ta kawo takardu ba, an ba wani gurbin.

Kawu Na'ibi ya yi ta bambami, ya tsine wa ma'aikatan jami'a tas, ya ce su suka ɓatar. Ta yi kukanta na kwana uku, ta yarda da shi, har tausayinsa ta ji don an ci masa fuska. Ta koma bakin aiki.

Ran nan da hantsi tana neman hatimin ofis, ta jawo durowar ƙasa. Ga ambulan, ga sunanta da koren biro, ko liƙin ba a taɓa ba. Ta ɗauko shi. Tana riƙe da shi Kawu ya shigo da kofin shayi.

"Kawu, mene ne wannan?"

Bai ko musa ba. Ya ajiye kofin ya ce, "In kin tafi jami'a safe da yamma, wa zai zauna mini a nan? Ofishin nan gida biyu yake ciyarwa."

"Da ka roƙe ni, Kawu. Gara ka hana ni a fili da ka bar ni ina yi maka godiya!"

Ta fice da ambulan ɗin a ƙirji, ba ta zame ko'ina ba sai Sa'alaba. Mutum ɗaya ya rage mata a duniya da za ta kai wa ƙara. Ta tarar da Rabi'atu tana tsince shinkafa, ta dire ambulan ɗin a gabanta.

"Umma, dubi abin da yayanki ya yi mini."

Rabi'atu ba ta yi salati ba, ba ta ma ɗago kai ba. Hannunta dai ya tsaya cak a cikin tiren.

"Ya ce mini shekara ɗaya kawai zai riƙe," in ji ta a hankali.

Mastura ta daɗe tana kallon hannun nan da ya tare mata ƙofa. Sannan ta sunkuya ta ɗauki ambulan ɗinta.